KYANWA MAI GAJERUN ƘAFAFU: TAUSAYI NE KO SHA'AWA?



Duk mai shiga TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ci karo da ita ba. Kyanwa ce mai jiki irin na kowace kyanwa, sai dai ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. In tana tafiya sai ta riƙa rangaji, in tana son hango wani abu sai ta zauna daram ta ɗaga ƙafafun gaba kamar zomo. Jama'a su yi ta dariya, a yi ta tura wa juna. Yanzu kuma abin ya wuce kallo, don tambayar da ake yawan yi min ita ce: Malam, ya halatta in saya? Wasu ma sun riga sun mallaka, so suke su nema mata namiji ta haihu su sayar.

Kalma ɗaya ba za ta amsa wannan ba. Malamai suna da ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. To bari mu fara sanin wace ce wannan kyanwa tukuna.

DAGA INA TA FITO?

Sunanta Munchkin. An aro sunan ne daga wasu gajerun mutane na cikin wani tsohon labarin yara na Amurka. Tun a 1944 wani likitan dabbobi a Ingila ya ba da rahoton kyanwoyi masu gajerun ƙafafu, amma irinsu ya ɓace. Waɗanda muke gani a yau asalinsu 1983 ne, a jihar Luwiziyana ta Amurka. Wata malama mai koyar da kiɗa ce ta tsinci kyanwa mai ciki ta ɓuya a ƙarƙashin mota, ta kai ta gida. Da ta haihu sai rabin 'ya'yan suka zo da gajerun ƙafafu irin na uwarsu. Daga wannan kyanwa da wani ɗanta namiji aka yaɗa irin.

Ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta ƙasa da ƙasa da ake kira TICA ta karɓe ta a matsayin sabon iri a 1994, ta ba ta cikakken matsayin shiga gasa a 2003. Amma ba a lafiya aka yi ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin alƙalan gasar ƙungiyar ta ajiye aikinta don nuna rashin yarda. Manyan ƙungiyoyi irin su GCCF ta Birtaniya, da FIFe mai rassa a ƙasashen Turai, da CFA ta Amurka, duk sun ƙi yi mata rajista. A ƙasar Holan kuwa, tun 2014 doka ta hana hayayyafar da dabbar gida da siffar da za ta cutar da lafiyarta, kuma wannan kyanwa tana cikin waɗanda dokar ta shafa. Ka lura fa, waɗannan ba malaman fiƙihu ba ne, masu son kyanwa ne da kansu suka ja da baya.

Me suka gani? Gajartar nan ba kamar launin gashi ba ce. Tangarɗa ce a ƙwayar gado, wadda take hana dogayen ƙasusuwan ƙafa girma yadda ya kamata. A 2020 wasu masu bincike a Jamus suka danganta ta da wata ƙwayar gado mai suna UGDH. Idan ɗan kyanwa ya gaji tangarɗar daga uwa ko uba, ɗaya kawai, zai zo da gajerun ƙafafu. Idan kuwa ya gaje ta daga dukkansu biyun, ba ya ma zuwa duniya, a cikin mahaifa yake mutuwa. Ma'ana, in ka haɗa gajere da gajeriya, a lissafi cikin kowane huɗu ɗaya zai mutu a ciki, biyu su zo gajeru, ɗaya ya zo da ƙafafu na al'ada. Shi ya sa masu kiwonta suke haɗa ta da kyanwa mai cikakkun ƙafafu, rabin 'ya'yan su zo yadda kasuwa take so, rabi kuma su zo ba yadda take so ba.

Daga nan ne ƙofar 'yan ruwa biyu ta buɗe. Aka haɗa ta da kyanwar Farisa mai yawan gashi da shafaffiyar fuska, aka sami Minuet, wadda da ake kira Napoleon. Aka haɗa ta da Sphynx mara gashi aka sami Bambino. Aka haɗa ta da mai kunnuwa a murɗe ta baya aka sami Kinkalow. Aka kuma haɗa ta da kyanwar Sikotlan mai naɗaɗɗun kunnuwa. Kowane haɗi, ana ɗora wata baƙuwar siffa ne a kan gajartar ƙafa.

ABUBUWAN DA BA SU NE MATSALAR BA

Kiwon kyanwa a gida ba laifi ba ne. A Muwaɗɗa da littattafan Sunan akwai labarin Abu Ƙatada (RA) da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya kore mata najasa saboda yawan cuɗanyarta da mutanen gida. Abu Huraira (RA), 'yar kyanwar da yake yawo da ita ce ta jawo masa alkunyar da ta danne sunansa na yanka. Ƙanin Anas (RA) yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba, ranar da tsuntsun ya mutu ma ya tambayi yaron labarinsa.

Haɗa iri biyu shi ma a karan kansa ba haramun ba ne. Alfadari ɗan ruwa biyu ne, tsakanin jaki da goɗiya, kuma Allah ya ambace shi cikin ni'imominsa a Suratun Nahli aya ta 8, Annabi (SAW) ma ya hau shi. Gaskiya ne akwai hadisin Aliyu (RA) a Abu Dawud da Nasa'i da yake nuna Annabi (SAW) bai so a riƙa haɗa jakuna da dawaki ba, amma mafi yawan malamai ba su ɗauke shi a matsayin haramci ba. Imam Khaɗɗabi ya bayyana cewa abin da ake gudu shi ne dawaki su yi ƙaranci alhali ana buƙatarsu. Ka ga ashe sakamakon haɗin aka duba. Mu ma nan makiyayanmu kullum suna zaɓar rago mai kyau, Balami ko Uda, su sa shi a garke don iri ya gyaru, ba wanda ya ce sun yi laifi.

Gajarta ma ba aibi ba ce. Duk wanda ya je kudancin Najeriya ya ga 'yan gajerun awakinsu da ƙananan shanun nan Muturu. Wannan ƙirar ta dace da wurinsu, suna jure sammore da ƙudan tsando yake yaɗawa, inda manyan dabbobinmu na arewa suke shan wahala. Balle kuma ɗan Adam. Wanda Allah ya halicce shi wada, darajarsa ɗaya ce da ta kowa, kuma yi masa izgili zunubi ne. Kada wani ya karanta rubutun nan ya fita da wata fahimta daban.

Saye da sayarwa kuma akwai saɓani sananne. A Sahihu Muslim, Jabir (RA) ya ruwaito tsawatarwa a kan kuɗin kyanwa. Ibn Hazm ya tafi a kan haramci, Ibnul Ƙayyim ma ya ƙarfafa hakan a Zadul Ma'ad. Jamhurin malamai, har da mazhabobi huɗu, sun halatta, Imam Nawawi ya ɗauki hanin a kan kyanwar da ba ta da amfani, ko kuma a kan karhanci, don mutane su saba da bayar da ita kyauta. Wanda ya guje wa cinikin ya fita daga saɓani, wanda ya bi jamhuri kuma ba a zarginsa. Amma ko da mun bi jamhuri, ba a gama magana ba.

TO INA MATSALAR TAKE?

Wasu za su yi sauri su kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sa mutane tsattsage kunnuwan dabbobi da jirkita halitta. Ayar tana da alaƙa da maganarmu, sai dai magabata sun saɓa wajen fassara jirkitawar. Wasu sun ce addini ake nufi, wannan ne ma Imam Ɗabari ya rinjayar, wasu suka ce dandaƙar dabbobi da makamantanta. Don haka ni ba a kanta kaɗai nake gina magana ba. Akwai ginshiƙai biyu da suka fi fitowa fili, kuma duk ɗan Islamiyya ya haddace su a Arba'una Hadisi: na 17 da ya wajabta kyautatawa ga kowane abu, har dabbar da za a yanka, da na 32 da ya hana cuta da cutarwa.

Ku dubi kyanwa da kyau. Komai na jikinta an gina shi ne don tsalle da hawa da farauta. Ƙafafun bayanta sun fi na gaba tsawo, ƙashin bayanta yana lanƙwasuwa yadda take so, tana iya tsallen da ya ninka tsayinta sau da yawa. Da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa (AS) wane ne Ubangijinsa, amsar da ya bayar a Suratu Ɗaha aya ta 50 tana nuna cewa kowace halitta an ba ta surar da ta dace da rayuwar da aka shiryar da ita gare ta. Da ƙafafun nan kyanwa take kama abincinta, da su take haye katanga in kare ya biyo ta, da su take sosa inda yake mata ƙaiƙayi. Mu kuma muka zo muka ce mun fi son ta in an rage su.

Kowa ya san hadisin Bukhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. In ka duba, laifin matar kashi biyu ne: ta toshe wa kyanwar hanyar neman na kanta, sannan ba ta maye mata da komai ba. Ba na cewa mai kiwon Munchkin daidai yake da wannan mata, Allah ya kiyaye, da yawansu suna ciyar da kyanwoyinsu fiye da yadda suke ciyar da kansu. Amma kashin farko na laifin ya kamata ya tsorata mu. Ita waccan an tsare ta a ɗaki, ana iya buɗe ƙofa. Wannan kuwa a cikin jikinta aka tsare ta tun kafin a haife ta.

Masu kiwonta suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a faɗe ta. Suna cewa tana gudu, tana wasa, tana daɗewa a duniya, kuma ba su suka ƙirƙiri tangarɗar ba, haka aka tsince ta. Akwai gaskiya a ciki, da yawa daga cikinsu suna rayuwa ba tare da wata cuta ta fili ba. Sai dai likitocin dabbobi sun ba da rahoton lanƙwashewar ƙashin baya da lotsawar ƙirji a wasunsu, suna kuma gargaɗi a kan amosanin gaɓɓai saboda yadda nauyin jiki yake sauka a kan gajerun ƙasusuwa. Sannan kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Ba ta kuka kamar akuya, shiru kawai za ta yi, ta daina hawa inda ta saba hawa. Mai ita ya ce ai kyanwata akwai natsuwa, alhali ciwo ne ya zaunar da ita.

A wajen 'yan ruwa biyun abin ya fi bayyana. Kyanwar Sikotlan mai naɗaɗɗun kunnuwa, wadda aka fara gani a wata gona a 1961, abin da yake naɗe mata kunne lalurar guringuntsi ce, kuma lalurar ba ta tsayawa a kunne, tana taɓa gaɓɓan ƙafa da wutsiya. Kyanwar Farisa mai shafaffiyar fuska an san ta da wahalar numfashi da yawan zubar hawaye, an kuma san irinta da wani ciwon ƙoda na gado. Mara gashi kuwa ba ta da kariya daga rana ko sanyi. To a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan a ɗora a kan gajartar ƙafa, don Allah amfanin wa aka duba?

Batun cewa haka aka tsince ta, ai nan ne ma bambancin yake. Malamar da ta ɗauko kyanwa mai ciki daga ƙarƙashin mota ta kai ta gida, aikin alheri ta yi. Wanda ya ga naƙasar ya ce bari in yawaita ta tunda tana da kasuwa, wani aiki ne daban. Na farko ya sami rauni ya rufa masa asiri, na biyu ya mai da raunin jari.

A nan nake so kowa ya tambayi zuciyarsa, me ya sa take burge mu? Saboda tana kama da jariri mai koyon tafiya, tana yunƙurin hawa kujera ta kasa, sai zuciya ta yi laushi. Muna kiran wannan laushin tausayi. Amma akwai ma'auni mai sauƙi. Uwa in ta ga ɗanta yana tatata yana faɗuwa, tana murmushi, amma burinta ya miƙe ya yi gudu. Da za a ce mata zai dawwama a haka, kuka za ta yi. Mai tausayi so yake raunin ya gushe. Wanda yake so raunin ya dawwama don ya ci gaba da jin daɗin kallo, har ya biya kuɗi a haifo masa wani, to sha'awa ce take jan sa, ko da shi yana jin kamar tausayi ne.

Sannan mallakar dabba a Musulunci amana ce. Suratul An'am aya ta 38 ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar mu. Annabi (SAW) ya tsine wa wanda ya yi wa jaki lalas a fuska, kamar yadda Muslim ya ruwaito, alhali jakin ba na kowa ba ne sai na mai shi. Izzuddin bin Abdissalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabba a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ciki har da ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwo ta daina amfani, da kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. In ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa na yini ɗaya zalunci ne, yaya ɗora wa kyanwa jikin da zai iya zame mata kaya tsawon rayuwarta?

ABIN DA NAKE GANI

Mai hayayyafarwa don sayarwa: hukunci yana bin cuta, kuma likitocin dabbobi ne ma'abota sani a nan. Inda cutar ta tabbata, kamar haɗi da mai naɗaɗɗun kunnuwa, ko haɗa gajere da gajeriya alhali ka san wasu za su mutu a ciki, ban ga hanyar halatta shi ba. Inda masana suke jayayya a kan girman cutar, mafi ƙarancin abin da za a ce shubuha ce, kuma babu wata lalura da ta tilasta shiga cikinta. Ba nono ake nema ba, ba nama ba, ba noma ba. Ado ne kawai, kuma ba mai adon ne zai ji ciwon ba.

Mai saye: kada ka ce ai ba ni na haɗa ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗinka ne yake gaya wa mai kiwo ya ƙara haɗa wasu. Kai har yawan tura bidiyon ma talla ce kake yi musu kyauta. In kyanwa kake so, ga su nan a unguwa, a bayan kasuwa, a bakin masallaci, lafiyayyu, masu jure yanayinmu, ba ko sisi. Ɗauki ɗaya ka kula da ita, ka sami abokiyar zama, ka sami lada, ɓeraye kuma su bar maka gida.

Wanda ya riga ya mallaka, ko aka ba shi kyauta: ɗan uwa, 'yar uwa, kada ku ji wannan ku je ku yar da ita. Wallahi wannan ya fi muni, don ita ba za ta iya zaman titi kamar sauran ba. Ta zama amana a wuyanku, ga kuma abin da ya hau kanku:

1. Kada a bari ta yi ƙiba. Duk ƙarin nauyi a kan gaɓɓanta yake sauka. A ba ta abinci gwargwado, a kuma tuna kyanwa maciyar nama ce, tuwo da shinkafa kaɗai ba sa riƙe ta. A nisantar da ita daga albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini.

2. A bar ta cikin gida. In kare ya biyo ta, ba lalle ta iya haye katanga ba.

3. A sa mata ɗan matakala ko matashi inda take son hawa, kada ta riƙa dirowa daga wuri mai tsawo. Tiren yashin da take bayan gida ya zama mai gajeren baki.

4. In mai yawan gashi ce a riƙa taje ta, a kuma sama mata wuri mai sanyi lokacin zafin bazara. In mara gashi ce a kare ta daga rana da sanyin hunturu.

5. A lura da alamun ciwo: daina tsalle, daina lasar jiki, ɓuya, fushi in an taɓa bayanta. A kai ta wajen likitan dabbobi, a yi mata rigakafi, musamman na haukan kare. Kada a kuskura a ba ta farasitamol, guba ne mai kashe kyanwa.

6. Kada a hayayyafar da ita. Malaman Hanafiyya sun yarda da dandaƙar muzuru in akwai amfani ko kawar da cuta, malamai da dama na wannan zamani ma sun halatta aikin hana haihuwa a hannun likita in akwai maslaha. Tsayar da gadon naƙasa maslaha ce bayyananniya.

Na san wani zai ce, Malam, mutane suna kwana da yunwa kai kana maganar mage. Na ji, kuma haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba, babu jayayya. Wanda yake kashe maƙudan kuɗi a kan kyanwar yayi alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, ya shirya amsar da zai bayar. Amma addinin da ya ba mu labarin wadda aka gafarta wa don ta shayar da kare, shi ne ya ba mu labarin wadda aka azabtar don kyanwa, bai kuma ɗauki ɗayansu ƙaramin abu ba. Zuciyar da ta saba jin daɗin raunin dabba, ina ji mata tsoron ranar da za ta ga raunin mutum. A Sahihu Muslim an tabbatar mana cewa ranar ƙiyama har tsakanin tunkiya mai ƙaho da mara ƙaho sai an yi sakayya. In haka ne tsakanin dabba da dabba, ina ga tsakaninta da mai hankalin da aka ba amanarta?

Wallahu a'alam. Allah ya sa mu cikin masu jinƙan halittunsa, ya jiƙanmu ranar da muka fi kowa buƙata. Amin.